A Ba Masu Tsara Wasannin Bidiyo Ɗaki Ɗaya da Wuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A taimaka mini da fili in yi magana kan sana'ar da na shekara uku ina koyo, wato tsara wasannin bidiyo na waya da kwamfuta. Ranar da na faɗa wa mahaifina, cewa ya yi, "Gem kuma? Da girmanka?" Ban ga laifinsa ba, domin abin da ya sani shi ne yaran da ke wuni a gidan gem suna buga ƙwallo a PlayStation.

To amma wasu ne suka zauna suka tsara wasannin nan, kuma da su suke cin abinci. A Legas, Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games a 2012. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina kan al'adun Afirka.

Da farko na ɗauka aikin duka rubuta umarnin kwamfuta ne. Na sauke Godot, manhajar haɗa wasanni, wadda kyauta ce kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta, na ce bari in sa dara a waya: gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Bayan wata biyu na kai wa dattawan da ke buga dara a gindin dalbejiyar unguwarmu. Wani baba ya jera huɗu, wayar ta ba shi ci. Ya miƙo mini ita ya ce, "Yaro, wannan ba dara ba ce. Uku ake jerawa." Sai ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake tare hanya, da dalilin hana jera uku tun lokacin da ake zuba 'ya'ya. Ranar na gane cewa babban aikin mai tsara wasa shi ne doka: me aka yarda, me aka hana, me zai sa wanda aka cinye ya ce a sake. Har gobe kafin in taɓa kwamfuta, sai na gwada dokar a takarda da tsakuwa.

Kuɗi ba sa zuwa da wuri, gyaran waya ne ke riƙe da ni. Rajistar sa wasa a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, amma data da rashin wuta sun fi cin mutum.

Shi ya sa nake roƙon jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha na Arewa. Kowane Janairu ana yin Global Game Jam, inda matasa a ƙasashe da dama ke haɗuwa su ƙirƙiro wasa cikin awa 48. Makaranta kan yi rajista ta zama cibiya. Ɗaki ɗaya muke nema, da janareta da intanet na kwana biyu. Ni zan zo da darata, akwai kuma abokina da ke son ya gwada langa.

Naku,
Wani matashi mai gyaran waya, Zariya