Sadik, kafin ƙanƙara ta sauka ka saya wa motar nan taya

Assalamu alaikum Sadik, ya aiki ya iyali, ya kuma sanyin da kace ya fara shigowa. Mu nan duk lafiya lau Alhamdulillah. Na ga hotunan motar, Allah ya sanya alheri ya tsare, ya sa ka kashe ta da kanka ba ita ta kashe ka ba. Marsandi ce mai kyau kam, kuma na ji daɗi da ka ɗauki mai fetur. Amma maganar da ka yi a waya ta tsaya min a rai, wai tunda motar 4MATIC ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, tayoyin da ta zo dasu ma sun isa, sai baɗi in Allah ya kaimu ka saya na ƙanƙara. Toh shiyasa na zauna nake rubuto maka, dan a waya kullum sauri kake, kuma ni abinda na gani da idona lokacin da nake koyon aikin nan a Jamus ba zan iya yin shiru akai ba.

Farko dai ko baka yarda dani ba hukuma bata baka zaɓi ba. A lardin Kebek na Kanada inda kake doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motar da aka yi wa rajista a can ta kasance da tayoyin hunturu duka huɗun, in aka kama ka tara ce ta dala 200 zuwa 300 banda kuɗin da ake ɗorawa akai. Kuma ba kowace taya suke karɓa ba, sai wadda a gefenta akwai zanen dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, ko kuma mai ƙusoshi a jiki. Wadda aka rubuta mata M+S kawai, wato ta laka da ƙanƙara, bata wadatar ba, kar wani ya ruɗe ka da ita. Amma ni tarar bata dame ni ba Sadik, dala 300 ana nemanta a samu, abinda nake tsoro shine ka taka birki da yara a baya motar taƙi tsayawa.

Ka fahimci abu ɗaya game da 4MATIC ɗin nan da kake taƙama da shi. Aikinsa ya raba ƙarfin inji ga ƙafa huɗu, wato zai taimaka maka ka tashi daga inda ka tsaya, ka hau tudu, ka fita daga cikin dusar ƙanƙara. Shikenan. Wajen tsayawa kuwa babu abinda yake ƙara maka, domin kowace mota a duniya birkinta ƙafa huɗu yake kamawa, kuma abinda ke tsakaninka da kwalta robar taya ce da faɗinta bai wuce tafin hannunka ba. Hasali ma irin motocin ku sun fi yaudarar direba, saboda tana tashi sumul ba tare da tayar ta yi santsi ba sai mutum ya ɗauka titin lafiya yake, ya ƙara totur, sai an zo kwana ko danja sannan ya gane akan gilashin ƙanƙara yake tafiya, ga mota mai nauyin kusan tan biyu. Duk na'urorin da ke cikinta masu hana birki kullewa da masu gyara mota in ta fara juyawa, da riƙon taya suke aiki, in babu riƙo basu da abinda zasu yi maka.

Ita robar tayar bazara daga sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 take fara tauri, ko babu ƙanƙara ko ɗaya a titi. In aka kai 20 ƙasa da sifili, wanda a garinku Mantiriyal ba abin mamaki bane a watan Janairu, ta zama kamar busasshen kirgi, wasu tayoyin gudu ma tsagewa suke. Ta hunturu kuwa an haɗa robarta ne ta zauna da laushi cikin sanyi, sannan an yi mata ƙananan tsagu birjik a jikin haƙoranta waɗanda suke cizon ƙanƙara. Shiyasa ma ba sai ka jira 1 ga Disamba ba. Ka kira gareji tun yanzu ka kama layi, dan ranar da ƙanƙarar farko ta sauka kowa zai ruga ne a lokaci guda.

Ka sayi huɗu, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kar ka ce zaka sa biyu a baya ka bar biyu a gaba irin yadda ake lallaɓawa a nan gida, motar zata ƙwace maka ne a kwana, kuma bambancin girman taya yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaranta kuwa ya fi kuɗin tayoyin nesa ba kusa ba. Masu kyau sanannu ne, akwai Michelin X-Ice, da Bridgestone Blizzak, da Continental VikingContact, da Nokian Hakkapeliitta ta mutanen Finland, su ne ma suka fara ƙera tayar hunturu tun 1934. Ni da zan zaɓa maka Nokian ɗin zan ɗauka ko Michelin. Masu ƙusoshi a jiki an yarda dasu a Kebek daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, suna da kyau akan zallar ƙanƙara, amma kai da zirga zirgarka duk cikin gari ce inda ake share titi ana zuba gishiri bana ganin kana buƙatarsu, ga ƙara, kuma wasu wuraren ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa basa barinsu shiga.

In hali ya yi ka saya musu wili nasu daban. Na san zaka ce kuɗi, amma cire taya da mayarwa sau biyu duk shekara akan wili mai tsada yana cin bakinsa, gishiri kuma yana ɓata fentinsa. Ka tambayi masu sayarwa ƙaramin wilin da zai shiga ba tare da ya taɓa birki ba, taya mai kauri a gefe tafi jure ramuka, kuma titunan garin nan naku in ƙanƙara ta narke ramuka ne ko ina. Kar ka manta da 'yan na'urorin nan masu auna iska da ke cikin wili, in motar na aiki dasu kuma ba'a sa su ba wuta zata zauna maka a dashbod. In kuma ta hannu zaka saya, ka duba lambar DOT a gefen tayar, lambobi huɗun ƙarshe sati ne da shekarar da aka yi ta, misali 3522 sati na 35 kenan a 2022. Wadda ta haura shekara shida ka barta ko da haƙoranta sun yi kyau a ido, kuma zurfin haƙori in ya yi ƙasa da milimita 4 ta gama aikin hunturu. Iska kuma ka dinga aunawa da safe kafin motar ta yi tafiya, domin duk saukar digiri 5 ko 6 tayar na rasa wajen psi 1 a ma'aunin iska, adadin da ake so yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki.

Yanzu maganar inji, kuma nan ne nake so ka ajiye wasu abubuwan da ka saba gani a garejina. Kaga yadda muke zuba ruwan famfo a lagireto in ya yi ƙasa? Kar ka kuskura ka yi wannan a can. Ruwa in ya daskare kumbura yake, ya fasa lagireto ko ya tsaga bulok ɗin injin gaba ɗaya, a dare ɗaya an gama da motar. Ruwan sanyaya inji na musamman ake sawa, rabi shi rabi tataccen ruwa, wannan haɗin yana jurewa har wajen 37 ƙasa da sifili, kuma ka sa irin wanda Marsandi ta amince da shi kar ka gauraya kala da kala. Motar ta hannu ce baka san abinda mai ita na farko ya zuba ba, ka sa gareji su auna maka, aikin minti biyu ne. Haka ruwan wanke gilashi, ka zubar da na bazara ka sa wanda aka rubuta 40 ƙasa da sifili a galan ɗinsa, ka ajiye wani galan a but kullum, saboda akan babban titi motocin gaba zasu dinga watso maka ruwan gishiri yana bushewa a gilashi fari fat, in ruwan ya ƙare maka a nan baka ganin komai.

Baƙin mai ma haka. Mu nan mun saba da mai kauri saboda zafi, har bakanike yakan ce inji ya tsufa a ƙara masa kauri. A can mai kauri da asuba baya gudu, famfo na ja yana ƙin zuwa, sai ƙarfe ya yi ta gugar ƙarfe kafin ya iso sama, kuma yawancin cinyewar inji a wannan ɗan lokacin na tayarwa take faruwa. Lambar da ke gaban W ita ke nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, 0W yafi 5W. Amma kar ka tsaya a nan, ka buɗe littafin motar ka ga lambar amincewar da suka rubuta wa injinka, irin su 229.5, ka tabbatar tana jikin galan ɗin. Da yawa daga cikin sababbin nan basu da sandar auna mai, ta allon dashbod ake dubawa, ka koyi inda yake.

Sai ɗumama mota. Na san zaka so ka tayar da ita ka koma ciki ka sha shayi kwata guda, toh ba haka ake wa injin zamani ba. Ka tayar, ka share ƙanƙarar gilashi da fitilu da rufi, ka shiga ka ja ta a hankali, minti goma na farko banda taka totur da ƙarfi domin turbo ɗinta, na'urar da ke cusa wa inji iska, na jiran mai ya yi ɗumi. Inji a tafiya yafi saurin ɗumi akan a tsaye. Kuma tunda wajen aikinka kusa ne, ka sani gajeren zango cikin sanyi yana tara danshi da fetur a cikin baƙin mai, in ka buɗe murfi ka ga wani abu fari fari to shine. Maganinsa ko sau ɗaya a sati ka hau babban titi ka yi rabin awa, kuma ka canza mai kafin lokacin da kwamfutar motar zata ce. In a waje take kwana ka tambaya ko tana da hitar inji wadda ake jonawa a soket, awa biyu zuwa uku kafin ka fita ya isa.

Wannan da zan faɗa maka yanzu ka karanta wa matarka Maryam ita ma. Kar a taɓa barin mota a kunne cikin rufaffen gareji, ko da an ɗaga ƙofar rabi. Kuma duk ranar da ƙanƙara ta binne motar, kafin kowa ya shiga ya kunna hita a fara tone bayan motar a buɗe bakin salansa. In ya toshe hayaƙin cikin motar yake komawa, kuma gubar da ke cikinsa bata da wari bata da kala, bacci kawai mutum zai ji. Ana rasa rayuka ta haka, musamman yara da ake sawa a mota su ji ɗumi uban yana waje yana shebur. Dan Allah Sadik kar ka sa min jikoki a ciki sai ka ga salansa da idonka.

Batir kuwa shi ne zai fara kunyata ka. A 18 ƙasa da sifili ƙarfinsa na iya raguwa da wajen rabi, a daidai lokacin da inji yafi nauyin juyawa, ga motar nan komai nata wuta ne, kujera hita sitiyari hita. In ya kai shekara huɗu ko biyar ka sa a gwada shi yanzu. In za'a canza a sa irin wanda ta zo da shi, a wajen masu na'urar da ke magana da kwamfutar motar, kuma ka sani da yawa daga cikinsu suna da wani ƙaramin batir na biyu. In ta mutu maka ka jona waya a wuraren da littafin ya nuna, kar wani mai taimako ya juya maka waya ya ƙona kwamfuta. Rajista da CAA, ƙungiyar nan mai kai wa direbobi ɗauki in mota ta mutu a hanya, ma ba asara bace.

Gishirin da suke zubawa a titi shi ke cin mota ta ƙasa, bututun birki da salansa da ƙusoshi duk tsatsa. Ka dinga kai ta wankin da ke fesa ƙarƙashi, ranar da sanyi ya ɗan sassauta, ka goge robobin ƙofa ka shafa musu man silikon kar su manne. Ruwan zafi akan daskararren gilashi kuma haramun ne a wajenka, tsagewa zai yi, kuma gilashin motar nan akwai kyamara a jikinsa sai an sake saita ta. Kar ka kunna waifa tana manne. Tanki kar ya sauka ƙasa da rabi. A but ka ajiye shebur da bargo da tocila da safar hannu da wayar jona batir.

A titi ka ninka tazarar da kake bari, ka rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba, kuma ka ji tsoron gada domin ita ke fara daskarewa kafin sauran titi, iska na bi ta ƙarƙashinta, kai kuma kusan kullum sai ka haye gadar Champlain. Na'urar nan mai riƙe maka gudu da kanta ka kashe ta in titi da santsi. Ranar da ƙanƙarar farko ta kwanta ka nemi fili babba da babu kowa ka taka birki da ƙarfi a ƙaramin gudu ka ji yadda feda ke rawa a ƙafarka, haka take yi, kar ka ɗaga ƙafa. Ka kai Maryam ita ma ta gwada tunda tana kai yara makaranta.

In an sa tayoyin ka ɗauko min hoton gefensu in ga lambar da kaina. Ummanka na gaishe ku, tace a sa wa yara hula ko a mota ne. Ka gaida Maryam da yaran, Allah ya yi muku albarka ya tsare hanya.

Babanka