Amsa ga Malam Injiniya kan wutar injin Wankel

Malam Injiniya, barka da war haka.

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, a gaban yaran garejina, ka tambaye ni: mai gyaran babur da bai taɓa kwance injin Wankel ba, da wane baki zai ce na'urar CDI ta fi kwayil wajen ba filogi wuta? Aka yi dariya, na haɗiye.

Gaskiya ne, ban taɓa kwance shi ba. Kai fa, Yallaɓai?

Ni ban ce ta fi ba, cewa na yi akwai inda ta fi. Injin nan ba shi da fistin. Rota ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma da gangan ake ɗiga masa baƙin mai don kada bakin kusurwoyin ya cinye. Filogin da ya jiƙe da mai kuwa, ai da shi nake cin abinci. CDI tana tara wuta a kwandansa ta sake ta gaba ɗaya, kafin wutar ta sulale ta jikin datti tartsatsi ya riga ya tashi. Sannan kowane rota yana neman wuta a duk zagayen sandar injin, fistin ɗin mota kuwa sau ɗaya a zagaye biyu. RX-8, motar kamfanin Mazda mai wannan injin, tana kaiwa zagaye 9,000 a minti. Lissafa, tunda kai ke da takarda: tsakanin wuta da wuta bai kai kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa ba, shi kuwa kwayil sai ya cika yake saki.

Inda kwayil ya fi ma na faɗa, lokacin kana duban fuskokin jama'a. Tartsatsinsa ya fi daɗewa, ɗakin ƙonewar kuma dogo ne siriri, shi ya sa Mazda ta sa filogi biyu a kowane rota, har uku a motar tserenta 787B da ta ci tseren Le Mans a 1991. A silo, ko in iska ta rinjayi fetur, gajeren tartsatsin CDI kan wuce bai kama ba. Kwayil Mazda ta bari a RX-8 har ta daina ƙera ta a 2012.

Zancen da ka yi cewa a waya na koya, to, ba a bango aka rubuta ba.

Abin da ke cin raina, ku masu takarda sai a taro kuke tuna mu 'yan ƙauye ne. Bara da injin ban ruwanka ya ƙi tashi, tumatir na yaushi, ba Kano ka kai shi ba. Kuɗin filogin nan ma har yau suna littafina.

Naka,
Mai gyaran babur ɗin nan.