Masu sassabe da tarakta, a daina kwashe ƙasar gona da bokiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu sassabe da tarakta, saboda abun da nake gani yana damuna sosai. Mutum zai kafa bokitin gaban tarakta yana tura ƙaya da ƙirare, kafin yamma kaga wuri yayi fes, amma je ka duba tarin da ya jibge a gefe, wallahi rabinsa ƙasa ce, kuma ba kowace ƙasa ba, baƙar ƙasar saman nan mai taushi da shuka ke rayuwa da ita, wadda sai an ɗau shekaru kafin ta taru. Ya kankare ta da hannunsa, baɗi kuma yace gona ta ƙi bayarwa.

Abun da ya dace da aikin nan shine manjagarar da ake ɗaurawa a bakin bokiti. Haƙora ne na ƙarfe masu tazara, suna tsefo saiwa da rassa, ƙasar kuma ta zube ta tsakaninsu ta koma inda take. Tarin ma yafi saurin bushewa tunda ba ƙasa a ciki.

Sai dai wajen saye ne mutane ke ruɗuwa, kowa babba yake so. Ka tuna duk nauyin manjagarar daga ƙarfin hannun tarakta ake cire shi, in littafin taraktarka yace kilo 500 take ɗagawa kai kuma ka ɗaura mata ƙarfe mai kilo 200, to saura 300 kenan, ko ma ƙasa da haka tunda kayan sun ƙara nisa daga jikinta. Faɗin manjagarar ya rufe sawun tayoyi kawai ya isa. Ka duba kaurin haƙoran da waldar gindinsu, in an samu mai ƙarfen AR400, wato wani irin ƙarfe mai tauri, yafi jure gogayya. Tazara in tayi yawa ƙananan rassa zasu zube, in ta matse kuma ta zama bokiti, ƙasa zata riƙe. Akwai mai muƙamuƙi a sama da ke damƙe kaya, tana da daɗin aiki ba kaɗan ba, amma sai taraktar na da ƙarin layin haidirolik a gaba, wato tiyon man da zai motsa muƙamuƙin, kar ka saya kafin ka tabbatar.

Wajen aiki kuma tarakta ba katafila bace. A sare manyan itatuwa tukuna, a sa ƙaramar giya, haƙoran su ɗan taɓa ƙasa kaɗan ba a nutsa su ba. Kar a ce za a ɓanɓaro kututture da haƙori ɗaya na gefe, haka hannun tarakta ke murɗewa, kuma in ya murɗe da wuya ya dawo daidai. A rataya nauyi a baya, in an ɗauko kaya a tafi dashi ƙasa ƙasa musamman a gangara ko wajen shan kwana, dan bokiti a sama ne ke kifar da tarakta. In akwai ƙarfen kariya a saman kujera a ɗaura bel.

Abu ɗaya da na gani da idona, ina cikin tura tari wani busasshen reshe ya sulale ta ƙasan bokiti ya huda lagireto, sai ganin ruwa nayi yana tsiyaya injin ya fara zafi, aikin ranar ya tsaya cak. Tun daga nan na sa aka yi min raga ta ƙarfe a gaban injin, kuma duk safiya sai na duba tiyo da notin manjagarar kafin in tada ta, dan jijjiga na kwance su.

Na gode da bani dama.

Naku,
Wani manomi mai karanta jaridarku