A daina kiran kudin mutane a lasifika ranar godiya

Yallabai Edita,

Ina gaisuwa da fatan aiki na tafiya lafiya. Dan Allah a bani dan fili, maganar tawa da 'yan uwana Kirista ce musamman mu na nan Gombe, koda yake nasan makwabtanmu Musulmi ma in sun karanta zasu gane inda na dosa.

Ranar Lahadin da mukayi godiyar kaka a cocinmu naga abin da har yau ya tsaya min a rai. Bazan fadi sunan cocin ba don ba tonon silili nazo yi ba, kuma kusan ko'ina haka ake yanzu. Muna yara in ance godiyar kaka kowa abinda gonarsa ta bashi yake kawowa, damin dawa, masara, gyada, kabewa, wani har kaza ya rungumo, a jere gaban bagadi Zumuntar Mata suna waka suna kada tulu. Yanzu kuwa an maida abin lancin. Mai makirfo ya tsaya yace wa zai bude mana da miliyan daya, a tafa, a sauko dubu dari biyar, a sauko dubu dari, kafin a iso masu dubu daya rabin jama'a sun fita waje shan iska kuma ba mai tafa ma kowa.

A gabana wata tsohuwa ke zaune, Mama muke ce mata, mijinta ya rasu da dadewa, daga wajen Billiri take, kosai da kunu take saidawa a bakin layinmu. Tazo da wake kwano biyu daure a leda ta dora a cinya. Sai wani yaro da bai kai talatin ba ya tashi yace shi miliyan biyu, coci ya rude da ihu, nan take aka taso shi daga inda yake aka kaishi kujerar gaba kusa da dattawa, kuma in ka tambayi mutum goma a cikinmu sana'ar yaron nan ba wanda zai iya fada maka. Ina kallo Mama ta sauke ledar a hankali ta tura karkashin benci da kafa. Da aka tashi na bita waje nace Mama ya baki kai naki ba, tace min, Malam ina ni ina kai wake gaban masu miliyan, ai sai a yi min dariya.

To ni dai ba fasto bane, malamin firamare ne mai ritaya, amma ina karanta Littafi Mai Tsarki. A Markus sura 12 Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko, attajirai suka zuba da yawa, gwauruwa ta zuba anini biyu, ita ya yaba. Yakubu sura 2 kuwa kamar cocinmu ya leko ya rubuta, mai zoben zinariya ya shigo a ce masa zauna nan wuri mai kyau, talaka ya shigo a ce masa tsaya can. Matiyu sura 6 tace hannun hagu ma kada ya san abinda na dama yayi, mu kuma har janareta muke tayarwa don unguwa gaba daya taji.

Kada wani yace ina bakin ciki da masu shi. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka, kuma nasan rufin coci ba da addu'a kadai ake saya ba, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 siminti da kwano da man janareta duk sun fi karfin aljihun ikilisiya. Damuwata yaranmu ne da suke zaune suna kallo. Dan kanena ya gama bautar kasa shekara biyu ba aiki, rannan ina masa fada akan cacar kwallo da yake yi a waya sai yace min, Baba ku da kuka rike gaskiya shekara talatin da biyar a wane benci kuke zama? Allah ya sani ban samu amsar bashi ba a lokacin.

Ku saurari shaidar da ake bayarwa yanzu mana. Allah ya bani mota, Allah ya bani biza, kwangila ta fito, naji alat da tsakar dare. Yaushe rabon da muji wani ya tashi yace an turo min kudi bisa kuskure na mayar, ko na yafe ma dan uwana bashi? Wannan zafin neman ne yasa da MMM, harkar nan ta zuba kudi a intanet da alkawarin riba mai yawa, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016 kuka ya cika gidajenmu, bamu dauki darasi ba sai ga irinta mai suna CBEX a Afrilu 2025, kuma sau da yawa wanda ya jawo ka ciki dan uwa ne da kuke rike littafin waka daya. Ga biki da jana'iza, nan kam ba'a magana, mafi karancin albashi naira 70,000 amma a fitar da anko kala biyu, a kama kanofi da kujeru, a yanka sa, gawa tana mocuwari sati uku ana jiran a hada kudi, bayan an watse a bar gwauruwa da bashi.

Tun 1917 da 'yan mishan na SIM suka zauna a Kaltungo, kakanninmu da laka da ciyawa suka gina majami'u, gayya akeyi, maza na kwaba kasa mata na debo ruwa, kuma ban taba ganin an manna sunan wani a bango ba.

Rokona ga fastocinmu da dattawa, na ECWA ne ko COCIN ko Katolika ko masu sabbin coci, a ajiye akwati a rufe, mai miliyan ya sa nashi a ambulan mai naira dari ya sa nashi, a karanta jimilla kawai. Kujerar gaba a bar wa tsofaffi da marasa lafiya. In yaro ya kawo kudin da yafi karfin sana'arsa dattawa su kirashi gefe su tambayeshi kamar yadda uba zai tambayi dansa, kafin hukuma ta tambayeshi.

Waken Mama dai na roketa ta bani, ranar Litinin na kai wa ma'aji ya rubuta a littafi, kwano biyu. Ita kuma Lahadi biyu kenan ban ganta a bencinta ba, maidakina tace zata leka ta gobe in ta taso daga kasuwa.

Naku,
Wani malami mai ritaya,
Tumfure, Gombe.