Rahoton Ayyukan Shekara: Shafukan Mambobi da Fayil ɗin Saiti

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi.

A babban taron bara mun amince kowane mamba ya mallaki shafinsa na intanet, inda zai riƙa wallafa darussa da bayanan karatunsa, maimakon su ɓace a cikin saƙonnin WhatsApp. Kwamitin horaswa ya zaɓi Jekyll, manhajar gina shafukan intanet da Tom Preston-Werner ya fitar a 2008, domin GitHub Pages, sashen ɗora shafuka na dandalin GitHub, na ɗaukar shafukanta kyauta. Alhamdulillahi, aikin ya kankama.

Sai dai kusan duk zaman horaswar bana a kan fayil ɗaya ya ƙare, wato _config.yml, inda ake rubuta sunan shafi da adireshinsa da sauran saituna. Tsarin YAML, wanda da shi ake rubuta wannan fayil, ba ya yarda a tura layi ciki da maɓallin Tab, sai da na tazara, kuma kuskure ɗaya ya isa ya hana shafi fitowa. Layin baseurl ma ya ba mu wahala: duk wanda ma'ajiyarsa (wurin ajiye fayilolin shafinsa a GitHub) ke da suna dabam da adireshinsa na github.io dole ya rubuta sunan a nan, in ba haka ba hotuna da adon shafin su ɓace. Wasu kuma sun yi ta gyara ba su ga canji ba, ashe Jekyll ba ya sake karanta wannan fayil sai an tsayar da shi an sake tayarwa. Batun agogo bai ɗauki lokaci ba, mun sa Africa/Lagos, 'yan'uwanmu na Nijar suka sa Africa/Niamey.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne layin exclude, inda ake jera fayilolin da ba a so su fito a shafi. Wani mamba ya saka takardar lissafin bashinsa a ƙarƙashinsa, yana zaton ya ɓoye ta. A shafi kam ba ta fito ba, amma ma'ajiyar a buɗe take, kowa na iya shiga ya karanta. Laifin namu ne a kwamiti, ba mu yi bayani tun farko ba. Yanzu mun zartar cewa takardun sirri ba za su shiga ma'ajiya ba ko kaɗan, kuma a sani, goge fayil ba ya cire shi daga tarihin Git, manhajar da ke adana duk canje-canjen da aka yi a ma'ajiya.

Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fitar da samfurin fayil ɗin saiti mai bayani da Hausa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro.

Sakataren Ƙungiya