Zuwa ga Dogo, daga Abuja

Assalamu alaikum Dogo,

Ya sanyin Atlanta? Na ga hoton da ka ɗora kana tsaye gaban mutum-mutumin Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata a Amurka, a kwalejin Morehouse, ka ƙudundune cikin wata jibgegiyar riga hancinka kawai ake gani, kai da ka ishe mu da kurin wai ɗan Jos ne kai sanyi ba ya kama ka. Maman Ummi sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaishe ka da jiki.

Maganar filin Kuje da ka tambaya sai wani karon, bari in sauke abin da ke cikina tukuna. Yau bayan azahar takarda ta fito, an ba mu babban ɗakin taro, ƙarshen wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi ranar tunawa da Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar siyasa da 'yancin mata, a jami'armu. Wallahi tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya.

Ka san ba ni na ƙirƙiro abin ba. A aji ne wata rana muna maganar siyasar jamhuriya ta farko na ce wa ya san Malam Aminu Kano, hannu ko'ina, na ji daɗi, ashe abin da suka sani filin jirgi ne da asibitin koyarwa da titin nan na Wuse 2, wani ma ya miƙe da ƙarfin gwiwarsa ya ce ai tsohon gwamnan Kano ne. Malam da bai taɓa yin gwamna ba! Da na ce Gambo Sawaba fa, sai shiru, can wani Bazazzagi ya ce sunan asibitin da aka haifi ƙanwarsa kenan a Zariya. Bayan an tashi wasu 'yan mata suka biyo ni ofis suka ce Malam wace ce ita, na ba su abin da ya sawwaƙa, su suka je suka yi ta tono, su suka kafa kwamiti, ni dai an liƙa min uban ƙungiya ne kawai don a samu mai sa hannu. Shi kuwa titin na Wuse 2 ka san shi ai, nan ne muka taɓa shiga cin abinci ka ga farashi ka ce kai azumin nafila kake. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gidansa na Gwammaja yana faɗa don talaka, yau titinsa talaka sai dai ya je gadi ko wankin mota.

To ga inda gizo ke saƙar. Da muka zauna tsara jawabai sai kwamitin ya rabu biyu. Wasu suka ce a tsaya kan cewa uwa ce, mai tausayi, mai riƙon marayu, gidanta ba a rufe ƙofa, a yi addu'a a ci shinkafa a watse. Duk gaskiya ne ban musa ba. Amma da yarinyar nan shugabarsu ta kawo nata rubutun, ta sa cewa matar nan an haife ta 1933, tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, an ɗaure ta har sau 16, an kore ta daga Kano, an yi mata duka, sai wani ya ce a'a wannan a cire, wai zai ɓata wa manyan baƙi rai, akwai 'ya'yan sarauta a cikin ɗalibai, kuma wai me ya kawo tone-tone. Na ce to wa ya ɗaure ta, aljanu? Kotunan alƙalai ne na En'e, wato hukumar sarakuna, da 'yan doka, a garuruwanmu, da harshenmu aka yanke mata hukuncin, ba wani Bature ba ne ya taso daga Ingila ya kama ta. In ka cire wannan me ya rage, don me ma za a tuna da ita a bar sauran iyayenmu mata masu kirki da suka cika Arewa? Sai ka ce an kawo maka tuwo an hana ka miya.

Kuma abin da ya fi ci min rai, yaran nan mata da ke zaune a kwamitin da yawansu suna da katin zaɓe a jaka, ba su san cewa a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a namu na Arewa suna gida ba, sai 1976 aka ba su dama. Wannan faɗan shi Hajiya ta yi ta yi tun tana yarinya, har Abeokuta ta je wajen Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar gwagwarmayar matan can, don ta ga yadda suke nasu. Da na faɗa musu haka wata ta ce Malam kana nufin kakata ta girma ta yi aure ta haihu ba ta da ikon zaɓe? Na ce je ki tambaye ta.

Shi ya sa da na karanta dogon saƙonka na daren jiya na ce kai Dogo kamar kana ɗakin. Abin da ka ce ne, kowace Litinin ta uku a Janairu ana hutu a Amurka don tunawa da King, jami'o'i na shirya lakca, kowa na yabon King, amma ba a cika son a tuna cewa ya soki yaƙin Biyetnam ba, ko cewa abin da ya kai shi Memphis inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilun 1968 yajin aikin masu kwasar shara ne. Ashe halin ɗaya ne ko'ina, in mutum ya mutu sai a zaɓi ɓangarensa mai laushi a rataye a bango. Ko da yake su nasu hutun ma sai da aka sha fama, 1983 aka sa hannu a dokar, shekarar da Malam Aminu ya rasu kenan, aka fara 1986. Ka kuwa san King ya zo Legas a 1960 bikin rantsar da Azikiwe gwamna janar? Ka riƙe wannan ka yi wa farfesanka burga, ba sai ka ce ni na faɗa maka ba.

Af, kafin in manta, Sale ya yi ta biyu. Eh, Salen da ka sani, mai rantsuwa da cewa shi da Hajiyarsa mutu ka raba. An ɗaura a Suleja, mun je, gosulon dawowa ya kusa kashe mu, angon kuwa tun daga ranar wayarsa a kashe. Kai kuma har yanzu karatu, Inna ta ce in tambaye ka ko littafin za ka aura.

Na dawo kan magana. Ɗaya rigimar ita ce babban baƙo. Akwai masu son a gayyato wani ɗan siyasa don ya ba da gudummawa, kuma maganar gaskiya muna buƙatar kuɗin, hayar lasifika da man janareta da buga fasta duk ba kyauta ba ne, abin da yaran suka tara ko rabi bai kai ba. Amma na san yadda za a ƙare, zai zo a makare da 'yan rakiya da maroƙa, ya yi awa yana lissafa rijiyoyin da ya haƙa, ya ce shi ma ɗan Sawaba ne, ya tafi kafin yaran su yi magana. Ni Kawu nake so. Ka tuna yadda yake zaunar da mu a zaure yana ba mu labarin yadda ake farautarsu su 'yan NEPU saboda sun ƙi cire hula sun ƙi faɗuwa gaisuwa, da murnar da suka yi da gwamnoni Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979? Na je Zuba na same shi, ƙafa ta yi nauyi amma kan nan garau, ya ce zai zo da sharaɗi biyu, ba zai hau babban tebur ba, kuma kada wanda ya ce masa lokaci ya ƙare. Na biyun ne ke ba ni tsoro, ka san Kawu in ya kama zance. Yaran sun ce za su ɗauke shi a waya daga farko har ƙarshe su ajiye, don irinsu saura ƙalilan.

Yanzu ga aikinka. Ka ce a can ba jawabi kawai ake ba, tun 1994 aka mai da ranar ta aikin gayya, ɗalibai na fita su yi wa unguwa hidima. Ka rubuto min dalla-dalla yadda jami'arku ke tsara shi, wa ke biyan kuɗin mota, wa ke zaɓar wurin da za a je, don shugabar tasu na so washegarin taron su fita wajen yara mata masu talla a tasha su ga iyayensu kan maganar makaranta, ni kuma ina tsoron kada a je a yi hotuna a dawo. Sannan ka yi mana bidiyo na minti biyar a kan King mu haska a ɗakin, da Hausa fa, ba wannan Turancin hancin da ka koyo ba, kuma ka cire rigar nan. In akwai ɗan abin da ya rage a aljihu na man janareta ba za mu ƙi ba, lambar asusun tana nan yadda ka san ta.

Ranar Laraba kwamiti zai sake zama kan rubutun yarinyar, na riga na gaya musu in aka cire maganar ɗauri su nemi wani uban ƙungiyar. Ka taya mu da addu'a. Ummi ta ce takalmin da ka yi mata alkawari ƙafarta ta wuce lambar da ka rubuta, ka ƙara ɗaya.

Naka,
Baban Ummi