Maudu'in wannan mako: imani, al'adar gado da zanen zamani

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

A wannan makon za mu tattauna kan masu zanen da ke haɗa imani da al'adar gado da zanen zamani. Don Allah kowa ya nemi ayyukan waɗannan mutum uku kafin mu fara.

Na farko Faig Ahmed, ɗan ƙasar Azarbaijan. Dardumar gargajiya ake saƙa masa da hannu, amma rabinta sai ka ga kamar hoton da ya lalace a waya, launukan sun narke sun zubo ƙasa. Kuma da zare aka yi, masaƙa ne suka zauna suka saƙa wannan lalacewar da gangan. Ni dai a ganina shi ya fi kama bakin zaren zancen.

Sai eL Seed, Bafaranshe ɗan asalin Tunisiya, wanda a 2016 ya shimfiɗa rubutun Larabci a jikin gidaje kusan 50 a unguwar Manshiyat Nasr ta Alƙahira. Ba a ganin rubutun a haɗe sai an hau dutsen Muƙaɗɗam. Na uku dattijo Ibrahim El-Salahi na Sudan, da gidan adana zane-zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin ayyukansa a 2013.

Tambayar da za mu tauna: idan manhaja ta kwaikwayi zanen da al'umma ta gada, hakkin na wane ne?

Wanda zai turo hoto ya rubuta sunan mai aikin. Maganar addini kuwa a yi ta da ladabi, ban da gardama.